Kafin Ka Sayi Tsohuwar Bindigar Farauta

 Yau maganar ta mafarauta ce, da 'ya'yan mafarauta, da duk wanda ya gaji bindiga tana rataye a bayan ƙofa. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Abaji da ƙauyukanta, daga Yaba da Gawu har Pandagi, Nuku, Rimba da Agyana, da Sarakunan Baka da jama'arsu. Kowa ya san da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta kaɗa, sai harkar farauta ta motsa, cinikin tsofaffin bindigogi kuma ya motsa tare da ita. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, saboda haka ta hannu ake nema, wadda wani ya gaji da ita ko buƙata ta sa shi sayarwa. A wajen irin wannan ciniki tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: tana da ƙarfi, za ta kayar da babban nama? Ni kuwa ina ganin wannan tambaya ita ke fara jefa mai saye a rami. Daga naman da za a harba ake fara zaɓen bindiga. Idan aka fara daga nan, aka bi maganar tsakani da Allah, za a tarar cewa a ƙasar Abaji ta yau babbar bindiga ba ta da aikin yi, kuma ingancin tsohuwar bindiga yana cikin takardarta, da lafiyar ƙarfenta, da dacewar harsashinta.

Daga naman ake farawa a duk inda farautar manyan dabbobi take da tsari. Ɓauna babba tana iya wuce kilo 500, ga fata mai kauri, ga ƙashin kafaɗa da haƙarƙari sun tsare zuciya da huhu. Harsashin da zai isa can sai mai nauyi, wanda ba ya tarwatsewa da ya taɓa ƙashi. Shi ya sa a 1905 wani maƙerin bindiga na birnin Balin mai suna Otto Bock ya fito da harsashi mai awon 9.3x62 domin Jamusawan da ke zaune a Afirka, a 1912 kuma kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da mai awon .375, wanda har yau ƙasashe irin su Tanzaniya suka ɗauke shi mafi ƙanƙantar abin da za a yarda mutum ya tunkari giwa ko ɓauna da shi. Dalilin a fili yake. Ɓaunar da aka ji wa rauni ba ta faɗi ba, ciyawa take shiga ta laɓe, kuma wanda ya biyo sawun jininta shi take jira. Tsofaffin maharbanmu sun san wannan tun kafin Bature ya rubuta shi a doka. Saboda haka wanda ya ce babban nama sai babban harsashi, gaskiya ya faɗa. Saura a tambaye shi inda babban naman yake, da wanda ya halatta masa shi.

A duba abin da ya rage. Gwamnatin Tarayya da kanta, a shirin kare giwaye da ta ƙaddamar a 2024, ta ƙiyasta cewa giwayen da suka saura a Najeriya baki ɗaya tsakanin 300 ne da 400, garke mafi girma kuma yana Yankari ta Jihar Bauci, inda ake batun giwa wajen 100. Zakuna ba su kai 50 ba, a Yankari da gandun Kainji kawai ake sa ran ganinsu. Raƙumin dawa ya ɓace daga dazuzzukanmu. Mai son ganin irin na Afirka ta Yamma sai ya tafi Kure kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, inda suka ragu har zuwa 49 a 1996, aka hana taɓa su, suka hayayyafa suka wuce 600. Ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, abin da ya rage nasu mai yawa yana cikin gandayen gwamnati irin su Yankari da Kainji da Gashaka Gumti, inda shiga da bindiga kansa laifi ne. Tun 1963, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, akwai dokar namun daji. A 1985 aka kafa dokar tarayya ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2016 kuma aka gyara ta, tarar da a da take naira 1,000 a kan dabbobin da aka haramta taɓawa sam ta koma naira miliyan 5. To me mafarauci na gaskiya ke dawowa da shi gida daga dajin Abaji? Gyazbi, gafiya, zomo, zabo, makwarwa, ran sa'a gada. Gyazbi ƙato 'yan kiloli ne kawai. A harbe shi da harsashin ɓauna, sai dai a tsinci gashi da ƙashi, miya ba ta samu komai ba.

Dajin kansa ma ya canja. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Abaji ba su kai 60,000 ba, amma duk wanda ke bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja ya ga yadda gari ya buɗe tun daga lokacin, kuma tun dawowar fadar gwamnati Abuja a 1991 jama'a ke ta kwararowa wannan yanki. Inda a da kurmi ne, yau kunyoyin doya ne da rogo da riɗi, ga shinkafa a fadamun Gurara, ga rugagen Fulani, ga masu ƙona gawayi, ga mata masu itace da tsintar kaɗanya da ɗorawa. Wannan yana da nasaba da zaɓen bindiga kai tsaye. Raifil, wato bindigar da aka yi wa zare a cikin bututu domin harsashi ya fita yana juyawa, harsashi ɗaya take turawa, kuma idan ya kuskure abin da aka auna yana iya tafiyar fiye da kilomita 3 kafin ya sauka, da sauran ƙarfin da zai kashe mutum. Ita kuwa mai baki ɗaya ko mai baki biyu da muka saba da ita, mai santsin ciki, ƙwayoyin dalma take watsawa, aikinta na gaskiya bai wuce mita 35 zuwa 40 ba, ƙwayoyin kuma suna zubewa cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. Ina neman mai saurare ya tsaya a ransa a kowane daji da ya sani tsakanin Abaji da Yaba, ya ja layi na kilomita 3 ta kowace fuska, ya gaya wa kansa ko babu gona ko ruga ko hanyar rafi a kan layin. Gajeren zangon mai baki ɗaya, wanda wasu ke rainawa, shi ne babban alherinta a irin wannan ƙasa.

Sai doka, wadda da yawa ba su san yadda ta raba bindigogi ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa su gida uku. Gida na farko haramtattu ne, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa: bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifil na soja masu awon 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci. Gida na biyu su ne na mutum da kansa, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, kuma a nan mai baki ɗaya da mai baki biyu suke, da raifil na farauta da awonsu bai faɗa cikin waɗancan na soja ba. Gida na uku su ne na ɗuri ta baki, irin su adaka da baushe, su ma maganar lasisinsu tana hannun 'yan sanda. Akwai tarko biyu a nan da ya kamata mai saye ya gani. Na farko, harsasan da ake yabawa a bidiyoyin farauta na Amurka da Turai da matasanmu ke kallo a waya, irin su .308 da .30-06 da .303, kaurinsu ɗaya ne da waɗannan awo na soja, saboda haka abin da ake sayarwa a kanti can yana iya zama shekara 10 a gidan yari nan. Na biyu, bindigar nan da ake ja da hannu ta ɗura wa kanta harsashi, wadda ake kira fam-akshan, ko da yake harsashinta ɗaya da na mai baki ɗaya, doka ta fitar da ita daga gida na biyu. A 2017 kaɗai hukumar kwastan ta kama guda 2,671 a Legas. Wanda ya riƙe bindigar gida na biyu ba lasisi yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ga kuma dokar fashi da makami ta 1984 da ta tanadi shekara 10 ga mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

A nan ne tsohuwar bindiga ta bambanta da tsohon keke ko tsohuwar garma. Tana da tarihi, kuma tarihin yana bin wanda aka same ta a hannunsa. Lasisi na mutum ne da sunansa, a kan bindiga guda mai lamba guda. Ba ya bin bindiga zuwa hannun mai saye, kuma doka ta hana mai sayarwa miƙa ta sai mai saye ya nuna nasa izinin. Saboda haka abu na farko da za a duba shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfe, a gwada ta da wadda ke kan takarda, harafi da harafi. In an ga wurin lambar ya yi sumul fiye da kewayensa, ko akwai sawun zarto, ko an shafe shi da baƙin fenti, ciniki ya ƙare, a tashi. Ba wanda ke goge lambar bindigar da ba ta da abin ɓoyewa. Haka bindigar gado. Mutane suna ɗauka tunda ta Baba ce, takardar Baba ta wadatar. Doka kuwa kwana 14 kawai ta ba magada bayan rasuwar mai lasisi. Ta kuma hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Duk mafaraucin kirki da ya karanta wannan jeri zai ga mutanen da shi ma ba zai yarda su bi bayansa a daji da bindiga a ɗane ba.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Zai ce Malam, kana ta maganar lasisi, alhali tun watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin bindiga, kuma ko kafin nan ɗan ƙauye da ba shi da kowa a sama bai cika samun takardar cikin sauƙi ba. Wannan koke yana da ƙarfi, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Hukuma ce ta kafa sharaɗi, ita ya kamata ta buɗe ƙofar cika shi. Rufe ƙofar gaba ɗaya yana tura mutumin kirki kasuwar bayan fage, yana kuma hana gwamnati sanin wa ke riƙe da me. Amma gazawar hukuma ba ta sauya hukuncin da alƙali zai karanta. Ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, ba za a tambaye ka ko ofis yana bayar da lasisi ba, za a tambaye ka naka. Hanyar da ta rage ita ce ta jama'a: ƙungiyoyin mafarauta su yi rajistar mutanensu da bindigoginsu, su bi ta hannun hakimai da fadar Ona na Abaji, wanda shi ne shugaban majalisar sarakunan Babban Birnin Tarayya, su kai kuka ga rundunar 'yan sanda da murya ɗaya. Kafin a dace, wanda ba shi da takarda ya haƙura da saye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu a ce takarda ta cika, an zo duba ƙarfe. Mai sayen sa yana buɗe bakinsa ya duba haƙora kafin ya yi tayi, bindiga ma cikinta ake dubawa, ƙyallin ƙota ba ya nuna komai. Da farko a karya ta a tabbatar babu harsashi, bakinta kuma yana kallon inda ba kowa, ko da mai ita ya rantse cewa fanko ce. A goge cikin bututun da tsumma, domin mai sayarwa yakan shafa mai ya ɓoye aibi, sannan a ɗaga a leƙa ta gindi ana fuskantar haske. Lafiyayyen bututu yana nuna zobba na haske a jere, kowanne a zagaye sosai. Inda zobe ya karkace akwai lotsawa ko lanƙwasa. Inda aka ga baƙaƙen ɗigo kamar zanzana, tsatsa ce ta ci ƙarfe ta rage masa kauri, kuma a ƙasarmu mai doguwar damina wannan shi ne ciwon da ya fi kashe bindiga. A bi bayan bututun da yatsu a hankali daga gindi zuwa baki. Yatsa yana jin kumburin da ido bai gani ba, kumburi kuma shaida ce cewa an taɓa harbawa alhali laka ko wani abu ya toshe ciki. Wannan bututun ya riga ya gaji, ba a gyara shi. Sai a rufe bindigar a riƙe ta ƙota a girgiza: in ana jin ƙwas-ƙwas a mahaɗa, ko ana hango haske tsakanin gindin bututu da jikin bindiga, ta saki, wuta za ta riƙa dawowa ta wajen fuskar mai harbi. A duba wuyan ƙota, nan take tsagewa, kuma in an naɗe wurin da waya ko robar taya a nemi a kwance a gani. A gwada makullin kariya. Kunama mai laushin da taɓawa kaɗan ke sakinta wasu suna yabonta, alhali ita ce ke tashi idan mutum ya yi tuntuɓe.

Akwai kuma tambarin gwaji. A Ingila tun 1637 ake gwada bindigogi a Landan, a 1813 aka buɗe gidan gwaji na Bamingam, kuma ƙasashe irin su Beljiyam da Italiya da Rasha suna da nasu. Ana harba kowace bindiga da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure sai a buga mata ƙananan tambura a ƙasan bututu, tare da awon harsashin da aka yi ta dominsa. Waɗannan lambobi su ne ke zaɓa maka harsashi, mai kanti ba shi da ta cewa. Yawancin masu baki ɗaya da masu baki biyu da ke hannun mafarautanmu masu lamba 12 ne, amma ɗakin harsashinsu bai zama ɗaya ba: akwai mai tsawon milimita 65, akwai 70, akwai 76. Tsawon da ake nufi na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi, shi ya sa dogon harsashi yake shiga gajeren ɗaki lafiya lau, mutum ya ɗauka ya dace. Da an harba, bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya hau fiye da abin da aka gwada ƙarfen da shi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa masu 65 ne, harsasan kasuwa kuwa galibi 70 ne. Wani haɗarin ya fi wannan muni. Harsashi mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 sirantaka, domin lambar tana nuna yawan ƙwallayen dalma masu faɗin bututun da za su cika laba ɗaya. In aka yi kuskure aka jefa mai 20 a cikin mai 12, sai ya zarce ya maƙale a gaba, ɗakin ya zama kamar ba komai, mutum ya ƙara mai 12 a bayansa ya harba. Bututun yana fashewa daidai inda hannun hagu yake riƙe. Kada a taɓa haɗa lamba biyu a jaka ɗaya. Harsashin da kwansonsa ya kumbura, ko gindinsa ya yi kore, ko ya kwana cikin laima, shi ma ba na harbi ba ne. In kuma aka ja kunama aka ji ƙara ta fito a raunane, a tsaya a karya bindiga a leƙa kafin a sake ɗurawa.

Adaka da baushe suna buƙatar kalma tasu, tunda su suka fi yawa a ƙauye. Albarushin gargajiya aka yi su dominsa. Garin da ke cikin harsashin zamani, wanda Faransawa suka fara ƙirƙirowa a 1884, matsinsa ya ninka na albarushi, kuma duk wanda ya farke harsashi ya juye garinsa a cikin baushe ya riƙe bam ne a kafaɗarsa. Bututun da aka yi da bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, ba a yi shi don wuta ba, ba kuma wanda ya gwada shi kafin kai. Sannan ɗuri biyu: mutum ya ɗura jiya bai harba ba, yau ya manta ya ƙara. Maganin wannan mai sauƙi ne, a yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda take tsayawa idan bindiga fanko ce, a riƙa gwadawa kafin kowane ɗuri. Wasu za su ce kakanninmu da irin waɗannan suka kashe ɓauna, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya sun kashe, amma sun yi hakan a dajin da ba gona a cikinsa, bayan shekaru suna bin iyayen gidansu suna ɗaukar jaka kafin a ba su izinin ɗana kunama, kuma kowane gari ya san maharbin da ya rasa yatsu ko ido. Imani da ƙaddara bai taɓa hana musulmi ko kirista duba bututu ba. Addini ya umarci a kyautata wa dabba ko wajen kashe ta, malaman Malikiyya kuma da suka halatta naman da aka harba da bindiga sun sharɗanta ambaton sunan Allah, da yanka idan an same ta da sauran rai. Watsa wa babbar dabba ƙananan ƙwayoyi daga nesa, ta gudu ta je ta ruɓe da rai, bai yi kama da kyautatawa ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma na bar ta ƙarshe da gangan. Mutanen Abaji sun ga satar mutane a ƙauyuka da gonaki da kan babbar hanya, kuma sau da yawa mafarauta da 'yan banga ne ke fara bin sawu, domin su suka san daji. Wanda ya ce yana son babbar bindiga, sau da yawa ba ɓauna ke ransa ba, iyalinsa yake tunani. Ina girmama wannan tsoro. Amma a duba inda kuɗin ke tafiya. Dillalin da zai sayar maka da raifil ba takarda a bayan kasuwa, shi ne gobe zai sayar wa wanda zai tare ka a hanyar gona, kuma kowace naira da ka ba shi jari ka ƙara masa. Saboda wannan kasuwa aka kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro a 2021, aka kuma yi mata doka a 2024. Aikin tsaron gari yana da hanyarsa, a ƙarƙashin rajista da sanin 'yan sanda da sarakuna, kuma gauraya shi da farauta yana ɓata duka biyun. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ba, suna hanyar komawa Kano hutun Salla, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da suke ciki. Kisan gilla ne, babu uzurin da zai wanke waɗanda suka aikata shi, Allah ya jiƙansu da rahama. Takarda ba ta hana azzalumi zalunci. Amma abin ya nuna irin idon da ake kallon mai bindiga da shi a ƙasar nan yanzu, kuma Abaji tana kan wannan hanya ta Kudu zuwa Arewa, da shingaye a gaba da baya. Katin ƙungiya da lasisi su ne abin da Sarkin Baka da lauya za su tsaya a kai ranar da aka kira mafarauci ɗan fashi.

Abu ɗaya game da nama kafin lokaci ya cika. Ƙwayoyin harsashi dalma ce, kuma mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon ƙurar haƙar zinariya. Ta harsashi ba ta kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma yara da masu juna biyu ta fi cutarwa. A tsince ƙwayoyin, a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar, kada a bar yara su yi wasa da su ko su sa a baki.

Kira na ga Sarakunan Baka na ƙasar Abaji shi ne, kafin a fita farautar bana, a tara jama'a a rana ɗaya, kowa ya zo da bindigarsa fanko da takardarsa, dattawa su leƙa kowane bututu a gaban kowa, wadda ta kumbura ko ta saki a ajiye ta. A nemi jerin dabbobin da aka hana daga jami'an gandun daji a karanta wa matasa da Hausa da Igbira da Gwari da Bassa. Wanda kuma ke da bindigar gado a ɗaki ba takarda, ya samu mai unguwarsa ko hakiminsa su raka shi ofishin 'yan sanda ya bayyana ta da ƙafarsa, tun kafin a zo a same ta. Allah ya tsare mu a gida da daji.